Tambaya da Amsa: Ina Za Mu Kai Matattun Kayan Lantarki?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga abu guda, wato yadda mutum zai rabu da kayan lantarkin da suka daina aiki ba tare da ya cuci kansa ko maƙwabcinsa ba, da kuma haƙƙin da doka ta ba shi da nauyin da ta ɗora masa. Mun zaɓi shida daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani magidanci a Kano: Assalamu alaikum. A ɗakin ajiyar gidana akwai talabijin mai doro guda biyu, da firjin da ya daɗe da daina sanyi, da rediyo, da kwali cike da tsofaffin wayoyi da cajoji. Kullum yaran jari-bola suna wucewa da baro suna tayawa, uwargida kuma ta matsa a ba su a huta. Wani abokina ya ce sayar musu laifi ne a doka. Shin gaskiya ne? In haka ne, ina zan kai su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka ya kama wani gefe na gaskiya. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli a Nijeriya, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka kuma yi musu kwaskwarima a 2022. Ƙa'idojin sun hana a zubar da irin waɗannan kaya a bola tare da sharar gida, sun hana a ƙona su, sun hana a farfasa gilashin talabijin mai doro yadda aka ga dama, sun hana a saki iskar da ke cikin firji, sun kuma hana a jiƙa injinan na'urori a ruwan asid domin ciro ƙarafa masu tsada. Nauyin da ke kanka a matsayin mai kaya shi ne ka miƙa su ga wurin tattarawa ko ga mai sarrafawa wanda hukuma ta san da shi. Saboda haka abin da doka ta fi sa wa ido shi ne inda kayan za su ƙare da irin aikin da za a yi musu bayan sun bar ƙofar gidanka.

Akwai kuma haƙƙin da kake da shi wanda mutane da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Dokar ta ɗora wa kamfanin da ya ƙera na'ura, da wanda ya shigo da ita ƙasa, da wanda yake rarraba ta, alhakin ɗaukar ɗawainiyarta har bayan ta mutu. Domin wannan ne aka kafa ƙungiyar EPRON a 2018, inda kamfanoni ke yin rajista su zuba kuɗin da za a yi amfani da su wajen tattarawa da sarrafawa. Ke nan idan ka shiga shagon babban dilan da ya sayar maka da firji ka tambaye shi inda za ka mayar da tsohon, ba roƙon alfarma ka je yi ba, abin da doka ta tanada ka nema. Ina so masu karatu su riƙa yin wannan tambayar a duk lokacin da suka je sayen sabon kaya, ko da sun san amsar da za a ba su ba za ta gamsar ba, domin dila ba zai kai kuka ga kamfani a kan abin da babu mai tambayarsa ba.

To, sai dai abin da ke rubuce daban, abin da ke ƙasa daban. Kamfanonin da ke da lasisin sarrafa waɗannan kaya, irin su Hinckley da E-Terra, galibinsu a Legas suke, wuraren tattarawa kuwa a Arewa ba su taka kara sun karya ba. Matsalar ba ta tsaya a kanmu kaɗai ba. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta tara tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace, a Afirka kuwa abin bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Nijeriya ita kaɗai tana fitar da kimanin tan dubu 500 a shekara, kuma mafi yawansa a hannun 'yan gwangwan yake ƙarewa.

Ya kamata ka san abin da ke faruwa da talabijin ɗinka idan ta hau baron nan. Abin da ake nema a cikinta shi ne jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan gilashin, da wayoyi, da injinta. Ana sa guduma a fasa ta, a ciro abin da sikeli zai karɓa, a bar gilashin a watse a ƙasa, alhali a cikin gilashin babbar talabijin irin wannan akwai dalmar da kan wuce kilo guda. Wayoyin kuma ana tara su a cinna musu wuta, sau da yawa da tsohuwar taya ko soson da aka ciro daga jikin firji, domin robar ta narke jan ƙarfen ya fito. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan kasuwar 'yan gwangwan da yamma ya san baƙin hayaƙin nan mai kama maƙogwaro, ya kuma ga matashin da ke juya wutar da sanda, fuskarsa a cikin hayaƙin, babu ko ƙyallen rufe hanci. A cikin hayaƙin akwai guba mai taruwa a jiki ta daɗe, wadda ke lahanta huhu da lafiyar mai ciki da abin da ke cikinta. Firji kuwa ana yanke kwamfiresarsa ne, man ya malale a ƙasa, iskar sanyin ta fice, kuma ta tsofaffin firji tana cikin iskokin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi saboda ɓarnar da suke yi wa sararin sama.

Ba na cikin masu ɗora wa yaran nan laifin duka. Da yawansu 'yan ci-rani ne da suka baro ƙauye neman halak, su ne kaɗai suke bi gida-gida suna kwashe abin da hukuma ba ta zo ta kwashe ba, kuma su ne farkon waɗanda gubar ke kamawa. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka fara kai firjin da rediyon wurin mai gyara, domin sau da yawa abin da ya lalace ƙarami ne, in ma ba su gyaru ba shi zai saye su ya ciri abin da zai gyara na wani. Abin da ya rage, ka sayar da shi a haɗe yadda yake ga dilan da ke da rumfa tsayayya, wanda za ka iya tambayarsa inda yake kai kayansa, kada ka miƙa wa ƙaramin yaro ko da kyauta ne. Talabijin mai doro ita ce mafi ƙarancin kuɗi kuma mafi haɗari idan an fasa ta, amma muddin tana nan lafiya ba ta cutar da kowa, don haka ka lulluɓe ta ka ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, ka tuntuɓi ofishin NESREA na jiharka ko ma'aikatar muhalli a kan inda za a karɓa. Idan mutanen unguwa, ko kwamitin masallaci, ko wata makaranta suka haɗa nasu wuri guda har ya kai lodin mota, samun kamfani mai lasisi da zai zo ɗauka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: Baturan solarmu guda biyu sun mutu, maigidana yana neman mai saye. A bayan gidanmu kuwa akwai wani da ke sayen tsofaffin batura, yana fasa su da adda, yana tsiyaye ruwan a kwata, wani lokacin da dare muna jin warin abin da yake narkawa. 'Ya'yana suna wasa a lungun. Shin akwai haɗari? Kuma ina da ikon hana shi?

Amsa: Malama, a duk wasiƙun da suka zo taki ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙonki ki hana yaran wasa a lungun nan tun daga yau, kafin a kai ga kowace irin magana. Batirin sola da na inbata da na mota irin na ruwa, fiye da rabin nauyinsa dalma ce, ruwan da ke ciki kuma asid ne wanda shi ma ya kwashi dalma. Idan an fasa shi a fili, ƙurar dalmar tana sauka a ƙasa, ba ta ruɓewa kuma ba ta gushewa da kanta, sai ta bi tafin ƙafa da takalmi da iska ta shiga gida. Yaro ƙarami, wanda komai ya ɗauka baki yake kaiwa, jikinsa yana tsotse dalma ninkin abin da jikin babba ke tsotsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Abin da ya sa cutar take da wuyar ganewa shi ne yaro zai iya ɗauke da ita yana wasa yana dariya, illar tana can tana taɓa ƙwaƙwalwa, sai daga baya a ga karatu ya ƙi shiga. Idan ta yi yawa ne ake ganin ciwon ciki, da amai, da ƙarancin jini, da kasala, har ta kai ga jijjiga da mutuwa. Mai ciki kuma tana iya yin ɓari, ko dalmar ta ratsa zuwa ga ɗan da ke cikinta.

Mu a Arewa mun ga abin da dalma ke yi da idonmu. A 2010 aka gano annobar gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, inda yara sama da 400 suka rasu, saboda ana kai duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa. Can daga haƙar ma'adinai ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin batir. Wanda ya fi kama da halin da kike ciki shi ne abin da ya auku a unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, inda tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu. An shafe shekaru ana fasa batura a unguwar, ƙasar wurin ta cika da dalma, da farashinta ya tashi sai mazauna suka shiga ɗebo ƙasar suna tankaɗewa a cikin gidajensu domin tsintar gutsattsarin da za su sayar, yara na zaune a gefe.

Game da ikon hanawa, kina da shi. A 2024 Nijeriya ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan batura, waɗanda suka tanadi cewa masu tattarawa da masu narkarwa sai sun yi rajista sun bi sharuɗɗa, kuma fasa batir a tsakiyar unguwa da zubar da ruwansa a magudana ba ya cikin abin da aka yarda da shi. Amma na fi son a fara ta hanyar da za ta yi saurin aiki ba tare da an ɓata zaman maƙwabtaka ba. Maigidanki ya samu mai unguwa da liman da wasu dattawa biyu, su zauna da mutumin. Mai yiwuwa ne bai san girman abin ba, kuma hujjar da za ta fi ratsa shi ita ce ta 'ya'yansa, domin kayan da yake aiki da su yake komawa da su gida, a ɗauki yaro a cinya, a wanke kayan tare da na iyali, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Liman ya san hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, ya kuma san yadda zai faɗe shi a ji. Idan an yi haka bai daina ba, sai a rubuta takarda da sa hannun maƙwabta zuwa ga jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma, da hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, wato KEPA, da ofishin NESREA, a haɗa da hotunan wurin, a kuma riƙe kwafin takardar.

Kafin nan, ki kai yaran babban asibiti ki gaya wa likita a fili cewa ana fasa batura kusa da gidanku, ki nemi a yi musu gwajin dalma a jini, domin ta nan kaɗai ake tabbatarwa. A gida a riƙa barin takalma a ƙofa, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon sharar da ke tayar da ƙura, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci, a rufe ruwan sha da abinci. Yaron da ke samun wake da zogale da nono da ƙwai, jikinsa bai kai na mai yunwa tsotsar dalma ba.

Baturanku kuwa, hanya mafi kyau ita ce a mayar da su shagon da za ku sayi sababbi, a rage muku kuɗinsu daga farashi, domin tsohon batir kuɗi ne. A kai su a tsaye, murafansu a rufe, ruwansu a ciki. Idan mai saye ya ce sai an tsiyaye ruwan kafin ya ɗora a sikeli, kada a yarda a yi hakan a gidanku ko a kwatar unguwa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Sakkwato: Gilashin wayata ya mutu, ba na ganin komai, mai gyara ya ce gyaran ya kusa kuɗin sabuwa, amma zai saye ta a haka. Akwai hotunana da na ƙawayena da manhajar banki a ciki. Tunda ba ta nunawa, akwai abin tsoro?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Gilashi ne ya mutu, injin yana nan da ransa, kuma duk abin da kika ajiye yana cikinsa. Wanda ya saya zai iya ɗora mata wani gilashin cikin 'yan mintuna. Idan wayar ta zamani ce kuma kin kulle ta da lambar sirri mai ƙarfi, buɗe abin da ke ciki yana da wuya ƙwarai, amma idan babu kulle, ko kin taɓa ba mai gyaran lambar, to komai a buɗe yake. Ki roƙe shi ya jona mata gilashin gwaji a gabanki, abu ne da masu gyara ke yi kullum, ki kwashe abin da kike so, ki fita daga manhajar banki da WhatsApp da Facebook, ki cire asusunki na Google ko na Apple, sannan ki goge wayar gaba ɗaya ta koma yadda ta fito daga kamfani. Kada ki bar shagon kafin a gama. Idan hakan bai yiwu ba, ana iya ba da umarnin gogewa daga nesa ta asusun Google ko na Apple, muddin wayar ta hau intanet.

Ki cire memori, ki cire layinki. Tun daga umarnin da gwamnati ta bayar a Disamban 2020, kowane layi a haɗe yake da lambar NIN ta mai shi, saboda haka duk abin da aka aikata da shi sunanki zai fito, kuma ɓarayi kan yi amfani da layi kaɗai su kwashe kuɗin da ke asusun banki. Doka tana bayanki, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga bayanan wani ba da izininsa ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa masu sana'ar da bayanan mutane ke ratsawa ta hannunsu nauyin tsare su. Sai dai hoton da ya riga ya bazu, hukuncin kotu ba ya dawo da shi, kuma cikin hotunan akwai na ƙawayenki, waɗanda amana ce a hannunki. A ƙarshe ku rubuta 'yar takardar ciniki mai ɗauke da kwanan wata da lambar IMEI ta wayar, wadda ke jikin kwalinta, kowa ya riƙe kwafi. Mai kwamfuta shi ma ya cire ma'ajiyar bayananta kafin ya sayar da gangar jikin.

Tambaya daga wani tela a Jos: Na sayi firiza ta hannu, irin wadda ake kawowa daga Turai, domin matata ta riƙa sayar da ƙanƙara. Mai shagon ya rantse lafiyarta ƙalau. Kwana goma sha biyu ta mutu, mai gyara ya ce kwamfiresar ta daɗe da gajiya. Na koma, sai ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit cewa ba a mayar da kayan da aka saya. Shi ke nan na yi asara?

Amsa: Malam, wannan rubutun bai fi ƙarfin doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kayan da ke yin aikin da aka saye su dominsa, ta kuma ba shi damar mayar da su cikin wata uku idan suka gaza, mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Hukumar ta sha nanata cewa sharaɗin hana mayar da kaya ba ya soke wannan haƙƙi. A kayan hannu, inda magana ke tsayawa shi ne abin da aka gaya maka lokacin ciniki. Da ya ce maka ba a gwada ta ba, ka ɗauka a kan sa'a, ka kuma yarda saboda araha, da hujjarka ta yi rauni. Tunda ya tabbatar maka lafiyarta ƙalau, maganarsa tana kansa. Ka riƙe rasit ɗinka, ka sa mai gyaran ya rubuta abin da ya gani, ka nemi wanda ya shaida cinikin, ka fara kai ƙara ga shugabannin ƙungiyar kasuwar, waɗanda sau da yawa sukan kashe irin wannan magana a zama ɗaya. In ba a daidaita ba, ka shigar da koke a FCCPC, ƙofar kotu kuma a buɗe take.

Abin da ya same ka yana da tushe. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki tun kafin su sauka, alhali doka ta hana shigo da wanda ba ya aiki. Saura da yawa kuma sun zo ne a ƙarshen rayuwarsu. Duk mai sayen kayan hannu ya sa a kunna masa su a shago ya ga aikinsu, firji da firiza a bar su su ɗau lokaci har sanyi ya kama, a kuma rubuta masa kwanakin garanti a kan rasit da hannun mai shagon.

Tambaya daga wani ɗan zangon Kumasi mazaunin Jamus: Ina shirin aika mota gida ta tashar Tema. Na tara tsofaffin kwamfutoci da talabijin da na'urorin kicin, wasu suna aiki wasu ba sa yi, ina so in cusa su a cikin motar, na san a gida za a gyara a amfana. Ina ganin sadaka ce. Mene ne ra'ayinku?

Amsa: Allah ya saka da alheri a kan niyyarka, ɗan'uwa, amma ka raba kayan gida biyu. Masu aiki, waɗanda ka gwada da hannunka kuma suke da sauran shekaru a gaba, ka naɗe su da kyau ka aika, za su yi amfani. Waɗanda suka mutu kuwa ka bar su a inda kake, domin a can kana da haƙƙin da 'yan'uwanka na gida ba su samu ba tukuna. Dokar Tarayyar Turai ta 2012 a kan tarkacen kayan lantarki ta ba ka damar kai su wurin tattarawa na gari kyauta. A Jamus, manyan shagunan kayan lantarki, waɗanda filin sayarwarsu ya kai murabba'in mita 400, wajibi ne su karɓi tsohuwar na'ura idan ka sayi sabuwar irinta a wurinsu, dole kuma su karɓi ƙananan na'urorin da ba su wuce santimita 25 ba ko da ba ka sayi komai ba. Hoton kwandon shara da aka ja wa giciye, wanda ke jikin kayan, yana nufin an hana jefa su cikin sharar gida. Dokar ta kuma buƙaci mai fitar da kayan hannu zuwa waje ya iya nuna shaidar cewa an gwada su suna aiki, in ba haka ba ana ɗaukarsu a matsayin shara, kuma ana iya tsare motarka a tasha.

Waɗannan dokoki ba haka kawai suka samu ba. A 1988 aka gano dubban ganguna na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta a Nijeriya. Gwamnatin wancan lokaci ta tilasta aka kwashe su, ta kuma kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara. Abubuwa irin wannan ne suka kai ga yarjejeniyar Basel ta 1989 a kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, da ta Bamako ta 1991 wadda ta hana shigo da shara mai guba Afirka, kuma tun daga 1 ga Janairun 2025 yarjejeniyar Basel ta wajabta neman izinin ƙasar da za a kai wa kowane irin tarkacen kayan lantarki kafin a ɗora shi a jirgi. Ghana ma ta yi tata dokar a 2016, wadda ta sa haraji a kan kayan lantarkin da ake shigowa da su domin a samu kuɗin sarrafa su idan sun mutu. Kai da ka san Ankara, babban birnin Ghana, ka san unguwar Agbogbloshie, inda matasa, da yawansu daga arewacin Ghana, suka shafe shekaru suna ƙona wayoyi a bakin ruwa. An rushe wurin a Yulin 2021, amma sana'ar ta watsu ne zuwa wasu unguwanni. Matacciyar kwamfutar da za ka aika, in mai gyara ya duba ya ga ba ta tashi, a hannun irin waɗannan matasa za ta ƙare.

Tambaya daga wata uwargida a Maraɗi: Dogon ƙwan lantarki ya faɗo ya fashe a ɗakin yara, na share da tsintsiya. Sannan batirin wata tsohuwar waya ya kumbura har ya ɗaga murfin. In jefa shi a sharar da muke ƙonawa a ƙofar gida?

Amsa: Hajiya, kada ki kusantar da shi ga wuta ko kaɗan. Batirin waya da ya kumbura yana iya kamawa da wuta ko ya fashe idan aka huda shi, ko aka matse shi, ko aka sa shi a caji, ko ya ji zafi. Ki kashe wayar, ki liƙe bakin ƙarfen batirin da salatif, ki sa shi a gwangwani mai yashi, ki ajiye a inuwa a waje, nesa da fetur da janareto da hannun yara, har ki samu mai gyaran waya da ke tara irinsu ki ba shi, kina gaya masa cewa ya kumbura.

Dogon ƙwai da mai lanƙwasa irin na tsimin wuta suna ɗauke da 'yar zaiba kaɗan, wadda ke tashi ta bi iska idan sun fashe. Ƙwai ɗaya ba abin firgita ba ne, amma tsintsiya tana watsa garin ne. Yanzu ki buɗe tagogi iska ta ratsa ɗakin sosai, ki goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma, ki ƙulle tsumman a leda ki fitar da shi, tsintsiyar ma kada ta koma ɗaki. In hakan ta sake faruwa, a fitar da yara na kamar minti 10, a kwashe gilashin da kwali mai kauri, a bi ƙananan gutsattsarin da salatif, a zuba duka a kwalba mai murfi. Idan za ki sayi madadinsa ki nemi ƙwan LED, wanda babu zaiba a cikinsa kuma ya fi shan wuta kaɗan.